Kifayen da Aka Tara wa Nasara

Shekarar da damina ta yi mana rowa, tabkin Kalmalo ya janye har yara na ratsa shi ruwa iya gwiwa. Ɗiyata ta fari a lokacin ta fara haɗa magana, kuma tana Illela hannun kakarta, uwar mijina, kamar yadda ake yi da ɗan fari bayan yaye. Mijina ya kora jakai arewa neman hatsi, shiru. Da bakuna suka yi wa rumbun gidansu yawa, aka ce in je gidanmu Kalmalo in ga iyayena. Na gane karatun, na ɗaure kayana. Abin da ke cina shi ne yarinyar: duk wanda ya zo daga Illela sai ya ce mini tana ramewa, ni kuwa ba halin in tambaya, don uwa ba ta nuna ta damu da ɗan fari.

Ana cikin haka sai ga dogari da saƙo. Wai Nasaran da ke rangadi yana son ganin kifin tabki, kowane iri, kuma da ransa. Ji fa! Mutane na tonon gidan tururuwa su kwashe ɗan hatsin da ta tara, shi kuwa kallon kifi ya dame shi. Amma wa zai ce a'a? Mahaifina shi ne sarkin ruwa, a kansa aikin ya faɗa. Ya sa aka haƙa rami ƙarƙashin wani gawo, aka daɓe shi da yumɓu, aka kewaye da zana, muka yi ta jidar ruwa da tuluna. Duk abin da komar masunta ta kamo, a zaɓi mai lafiya a jefa. Aka ajiye dogari da bulala yana gadi.

Nasara bai zo ranar da ya ce ba, kuma kafin ya zo labari ya bazu. Mutane suka riƙa tahowa daga Amarawa, daga Araba, har daga ƙetaren iyaka. Ban taɓa ganin kallo mai ban tausayi irin wannan ba: masu yunwa sun yi da'ira suna leƙen abinci yana iyo. Don su ɗauke hankalinsu daga ciki, sai tambaya: "Wanga mi ne? Wancan hwa?" Baba yana can bakin ruwa, don haka ni ke amsawa, tunda da wuƙar gyaran kifi a hannu na tashi.

Manomi dai tarwaɗa kaɗai ya sani. Mutanen Illela kuwa, 'yan kasuwa, kifin banda suka sani. Kifi a wurinsu baƙin abu ne lanƙwasasshe a jikin tsinke, in suka gan shi da ransa ba su shaida shi. Sai in nuna musu. Mai faffaɗan kai da gashin baki, tarwaɗa. Mai faɗi kamar tafin hannu, karfasa. Wancan mai ƙaya a gadon baya ƙurungu ne, in ka kama shi sai ya yi ta gurnani. Doguwar da ta kwanta kamar ta mutu, gaiwa, daga cikin busasshiyar laka aka tono ta. Wani Buzu ya ƙi yarda cewa minjirya na kashe hannu, ya faki idon dogari ya taɓa ta, sai ga shi zaune dirshan yana salati. Dariyar da aka yi ran nan ita kaɗai nake tunawa a shekarar.

Akwai kuma talibambam, mai ratsin rawaya da haƙora kamar na ɓera. In an taɓa shi sai ya kumbura ya zama kamar ƙaramin tulu, yara su yi ta ihu. Mu masunta muna cinsa, amma sai an feɗe fatar, an cire kayan ciki da ƙwan an binne su inda kare ba zai tono ba. Duk sanda na nuna shi sai na faɗa da ƙarfi: "Wanga namansa kawai aka ci, cikinsa ajali ne." Na faɗa har muryata ta dushe.

Ranar da aka tabbatar Nasara na tafe, ina tsakiyar bayani na ɗaga kai, sai ga surukata a bakin zana, ta tako da ƙafa tun daga Illela, goye da yarinyar. Wayyo, gashinta ya yi ja, wuyanta ba ya riƙe kanta. Maganata ta yanke nan take. Na durƙusa na gaishe ta, idona a ƙasa. Ba a ɗaga murya gaban uwar miji, balle a tsaya ana koya mata abu cikin jama'a. Ta leƙa ramin ta ce, ba da kowa take ba, "Kai, wancan ya yi ƙiba." Talibambam take nufi. Sai na yi yadda aka saba: na matsa kusa da wata maƙwabciyarta da suka zo tare, na raɗa mata, "Ki gaya ma Inna wancan ba a cin cikinsa." Ta gyaɗa kai. Bakina bai rufu ba aka ji dawakai, dogarai suka hau kora da bulala, kowa ya watse gefensa.

Nasara ya sauko, ja jawur da shi, ya tsuguna bakin rami. Tafinta na tambaya, Baba na faɗin suna. Ya zaɓi minjirya da gaiwa aka saka masa cikin wasu gwangwanaye masu warin magani, ya miƙe ya hau dokinsa. Shi ke nan fa. Wahalar da muka sha duka, ko inuwar gawon ba ta gusa ba ya tafi. Babban dogari ya waiwayo ya ce, "Sauran sadaka ne."

Kada Allah Ya sake nuna mini irin wannan wawaso. Zana ta faɗi, manya na taka yara, mata na cizon juna a cikin taɓo. Baba ya shiga rabo ya taka ƙurungu, ƙayar ta nutse masa a tafin ƙafa. Ni na ja shi gida, na yi ta fama da aska da ruwan zafi, yana zagin Nasara da dogarai har da kakanninsu. Sai bayan la'asar, da zogin ya lafa, ya ɗago ya ce, "Wa ya ɗauki talibambam?"

Na miƙe zumbur. Na fita ba mayafi. A bakin ramin na tarar da maƙwabciyar nan tana laluben taɓo ko za ta dace. Ta ce, "Surukarki ta samu rabo, talibambam ɗin nan da ya hi kowane girma. Ta ƙunshe a zane, tuni sun yi gida." Na ce, "Kin gaya mata?" Ta ce, "Gaya mata mi?" Ba ta ko tuna na yi mata magana ba.

Ban san yadda na kai Illela ba, na dai san ƙaya ta cika mini ƙafa ban ji ba. Na faɗa gidan ba sallama, ina ƙwala kiran sunan ɗiyata, sunan da bakina bai taɓa furtawa ba. Tukunya na gefen murhu an suɗe ta tas. Tsohuwa na zaune kan tabarma, yarinyar kwance a cinyarta, tana yi mata fifita. Har murmushi ta yi mini. Ta ce, "Sannu mana, kar ki tashe ta. Yau dai ta ƙoshi."

Ba barci take ba. Idonta a buɗe yake, yana bina, amma leɓenta ba ya motsi, miyau na zuba ta gefe. Na fizge ta, na sa mata yatsa a maƙogwaro, ba abin da ya fito. Aka jiƙa tsamiya, ta kasa haɗiya. Malamin unguwa ya kawo rubutu, ya bi ta haɓarta ya zube. Numfashin ya yi ta gajarta a hannuna, kafin a kira magariba ya tsaya.

Na so in tsani matar nan, wallahi na so, in samu inda zan sauke abin da ke ƙirjina. Na juyo da niyyar in faɗa mata maganar da ba a faɗa wa suruka. Sai na ga yadda ita ma fatarta ta manne da ƙashi. Ta rarrafo ta kama wuyan hannuna, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ta ce, "Cike yake da ƙwai, na ce wanga shi zai mai da mata jiki. Ɗiyata, ko romon ban lasa ba. Duka ita na ba."