An Rufe Mas'udu da Likkafanina

Yau Laraba. Ƙafafuna sun kumbura, kunu kaɗai cikina ya karɓa. Da ƙyar nake riƙe alƙalami.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Asabar, tara ga watan Rajab, Allah ya karɓi ran Mas'udu Tukur na 'Yankuzo, ɗalibina a firamare a da, majinginata a tsufa.

Mas'udu, tun da matata ta rasu, kai kaɗai ke turo ƙofata a Tsafe. Ka kawo gero, ka toshe yoyon ɗaki, ka yi mini aski kana tsokanata wai ba sauran abin askewa. Da aka gano ciwon hanta a jikinmu mu biyu, kai ke kai ni asibiti Gusau a babur, ka ɗaure ni da rawani a bayanka kada in faɗi.

A can aka yi mana gwajin jinin da ke nuna alamar kansar hanta. Lambata ta hau ƙwarai, taka tana ƙasa. Likita ta ja mana kunne cewa lamba ba hukunci ba ce: takan hau babu kansa, wata kansar kuma ba ta ɗaga ta sam. Ta ce kowa ya dawo a ɗauki hoton cikinsa. Ni ka kai ni. Kai kuwa kaka ta kama, ka ce, "Malam, mi za a duba? Tawa lafiya lau take. Bari in kai dawa gida tukuna." Kowa ya zuba ido ga tafiyata. Na roƙe ka ka sayo mini farin yadi na likkafani, ka sayo kana faɗa.

Sai da idanunka suka yi ɗorawa aka ɗauki hoton. Likita ta ce an makara. Da labarin rasuwarka ya iso, na buɗe akwati na ba da yadin.

Ni hotona bai fito sarai ba, an ce in koma gobe Alhamis. Ban san wanda zai kai ni ba.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka makwancinka, ya sa jinyarka ta zama kaffara. Ya ba Hanatu matarka haƙuri, ya raya 'ya'yanka Bashar da Mansura, ya sa a kai su a duba su.

Ƙaninka Gambo ya aiko cewa zai zo da la'asar mu shirya tafiyar goben. Na shimfiɗa masa tabarma. Ga shi an kira magariba, bai zo ba.