Muryar Malam a Bakin Macuci

A Zugu aka haife ni, garin da ake rubutawa Djougou, ina yin wayo Faransa ta sauke tutarta, ƙasar kuma ana ce mata Dahome. Gidanmu gidan fataken goro ne tun kakanni. Mahaifina, Malam Salifu, rabin shekara a hanya yake yi, sai dai shi a bayan kamiyo, wato babbar motar kaya, ba da jakuna kamar mutanen da ba. Idan ba ya gida, bayan sallar isha'i mu yara mukan taru a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, Kaka. Tana hura wuta da itacen kaɗe, ta cusa doya a cikin toka. Haƙoranta sun zube, don haka goronta sai ta goga shi a jikin murfin gwangwani da aka huhhuda da ƙusa, ta tara garin a tafin hannu tana lasa.

Ni kullum wurin zama ke ba ni wahala. Kusa da wuta ina tsoron tartsatsi ya kama mini riga, can baya kuma ina tsoron duhu. Kaka takan kalle ni ina ja da baya ina matsowa, ta ce, “Kai Mamudu, wane irin miji Allah ya haɗa ni da shi? Wuta tsoro, duhu tsoro. Gobe da safe ka ba ni takardata in nemi wani.”

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke buɗewa. Sai ta karkata kunne wajen zaure, ta ce, “Ga wata baƙuwa ta taso daga hanyar Gwanja.” Mu ce, “A shimfiɗa mata tabarma.” Akwai guda ɗaya da ta fi maimaitawa, ita ce har yau ba ta bar ni ba.

Wai wani ayari ne ya ɗauko goro daga Gwanja zai komo Zugu. Madugunsu mutum ne mai babbar murya, idan ya ce a ɗaura kaya har jakuna sun san shi ne. Suna tsakiyar dajin da 'yan fashi suke tare hanya, ciwo ya kama shi, ya rasu a cikin bukkarsa. Mutum biyu kawai suka sani, ƙanensa da wani mai kora jaki, Tanko, wanda ya iya kwaikwayon kowa, da shi ake dariya a zango. Ƙanen ya ce masa, “In mutanen nan suka ji, ayari zai watse, 'yan fashi su tsince mu ɗai-ɗai.” Suka binne shi a ɓoye. Tanko ya naɗa rawanin mamacin har ido, ya hau dokinsa, ya riƙa tafiya can gaba. Kowace asuba sai ya ɗaga murya.

A nan Kaka takan ajiye murfin gwangwaninta, ta cika ƙirji. “A ɗaura!” Wallahi muryar da ke fitowa daga 'yar tsohuwar nan ba tata ba ce. Mukan waiga wajen zaure.

Haka suka ratsa dajin, ko jaki ɗaya bai ɓata ba. Da suka iso bakin gari, al'ada ce madugu ya yi kira don gidaje su san an dawo. Ba wanda ya sa Tanko, bakinsa ne ya saba. Ya yi kiran. Matar madugu tana cikin gida ta ji, ta ɗebo ruwa a ƙwarya, ta fito da sauri ta durƙusa a gaban doki, ta miƙa masa da hannu biyu.

Daga nan sai Kaka ta tono doyarta ta kama kankarewa.

“Sai me, Kaka? Ya sha?”

“Ina wurin? Baƙuwa ta gaji, kowa ya nemi makwancinsa.”

Sauran yara su yi gardama kaɗan su manta. Ni kuwa sai in kwanta ina juya abin. In ya sha, ya sha ruwan da ba nasa ba. In ya ƙi, da wace murya zai gaya mata? Na taɓa tare Kaka da hantsi na tambaye ta, ta ce ba a taɓa tatsuniya da rana, in tafi kafin in jawo mata tsiya.

Karatuna bai wuce firamare ba. Malam ya gwada ni a kasuwa, abin bai yiwu ba, domin ko mai saye bai tambaya ba sai na juya masa kowane goro na nuna masa tabonsa, har ya gaji ya tafi. Aka tura ni Parakou wurin wani kawuna. Abu ɗaya na iya, kwaikwayo. Na shiga ƙungiyar wasa ta samarin unguwa, daga nan rediyo, daga nan masu fim suka fara kirana idan sun hauro arewa. Na yi mai gadi, na yi direba, na yi maƙwabci mai leƙe. Sau biyu na yi gawa. Na je wurin wani malami na tambaye shi ko sana'ar nan ƙarya ce, ya ce in dai kowa ya san wasa ne ba ƙarya ba ce. Na koma sau uku don in tabbatar na ji daidai, har ya fara sauya hanya in ya hango ni.

Bayan rasuwar Malam na ɗauko mahaifiyata, Inna, ta dawo wurina a unguwar Kpébié, a Parakou. Idanunta sun fara dushewa. Shekara na zagayowa wani mai shirya fim daga Kutonu ya ba ni aikin da ya fi duk wanda na taɓa samu. Zan fito a matsayin mai goro macuci, wanda yake jera masu kyau a sama ya ɓoye masu sankara, wato waɗanda ƙwaro ya ci, a ƙasan huhu, ƙunshin ganyen da ake zuba goro a ciki.

Ranar farko na kasa. Ina zare ido ina murmushin mugunta, mai shirya fim ɗin yana ihun a tsaya, “Kupe! Non, non, Mamudu! Wa zai sayi goro a hannun wannan? Ba a cikin goro aka haife ka ba?” Mutane sun taru suna kallo, zufa ta jiƙa ni. Na koma na zauna a gaban huhun, sai kawai hannuna ya yi abin da ya sani. Na tsoma yatsu uku a ruwa na yayyafa wa ganyen. Na ɗauki goro na goge a hannun rigata na hagu, na ɓare shi da babban yatsa, na miƙa wa mai saye ɓarin da ya fi girma. Na yi gyaran murya sau biyu, na ce, “Ɗanɗana tukun, ɗan'uwa, ciniki na baya.”

Malam ne sak, har da yadda yake jan ƙarshen maganar. Aka yi tafi.

Shi Malam yana yin haka ne don ba abin da yake ɓoyewa. Mai goron cikin fim kuwa yana yi ne don ya kwantar wa wanda zai cuta da hankali. Na san da wannan tun ban tashi daga wurin ba. Da na je washegari na roƙi a sake ɗauka, wataƙila da an sake. Ban je ba. Ban taɓa jin an tafa mini haka ba, gaskiyar ke nan.

Kaset ɗin fim ɗin ya riga ni zuwa Zugu. Da na je wani suna, na biya ta rumfar masu goro don in gaida abokin Malam, Baba Ɗanladi. Na durƙusa, ya amsa yana kallon huhunsa.

“Tun muna samari nake zaune kusa da Salifu,” in ji shi. “Ban taɓa ganin sankara a ƙasan kayansa ba. Yanzu jikokina suna bin juna a tsakar gida, ɗanɗana tukun, ɗanɗana tukun, suna dariya. Wanda bai san shi ba, abin da zai sani ke nan.”

“Baba, wasa ne.”

“Wasa da wa? Ya taso ya ce maka ya yarda?”

Inna ma ta ji. Maƙwabciyarmu Asabe ta fito da tele, wato talabijin, tsakar gida ta sa kaset ɗin don ta faranta mata rai. An ce tana zaune a tabarma har aka gama. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. A lissafina ita kaɗai ta rage da za ta iya yafe mini a madadinsa, kuma kullum ina shirya yadda zan fara. Yau ba ta da lafiya, gobe akwai baƙi, jibi ban sami kalmar da ta dace ba. Shekaru suka shige a haka. Idon ya tafi gaba ɗaya, hankalinta kuma ya fara zuwa yana komawa.

Wata rana bayan la'asar na same ta a bakin ƙofa, ta gane ni sarai, har ta yi mini faɗan ban aske gemu ba, ta shafa ta ji. Na ce yau ce ranar. Kafin in buɗe baki ta ce, “An ce ka iya babanka. Yi mini sallamarsa in ji.”

Na so in ƙi. Amma ban taɓa ƙin abin da ta sa ni ba. Na yi gyaran murya sau biyu, na yi sallama yadda yake yi idan ya sauko daga kamiyo.

Ta gyara ɗankwali, ta miƙe zaune.

“Malam? Ka daɗe.” Ta rage murya. “Na ji abin da ka yi a cikin akwatin nan na Asabe. Da kunnena na ji. Duk shekarun nan abin da kake ciyar da mu ke nan? Na yi kuka har na gaji. Amma na yafe maka, Allah ma ya yafe maka.”

Na ji tsoron in sauya murya farat ɗaya ta firgita, sai na ci gaba da tasa. “Ba ni ba ne. Yaron nan ne, Mamudu, ya ari muryata. Shi za ki yafe wa.”

Ta ja tsaki. “Haba Malam. Mamudun da ko kaza zai kora sai ya ba ta haƙuri? Ka yi abu kuma ka ɗora wa yaro? Wannan ya fi na farkon muni.”

Na saki muryar. Na kama hannunta na ce, “Inna, ni ne. Ni na yi.”

“Mamudu? Yaushe ka shigo? Tashi maza ka karɓi kayan babanka.”

Na sake gwadawa, ba sau ɗaya ba. Na zaɓi safiya, lokacin da kanta ya fi zama. Na kawo Asabe ta yi mata bayani. Duk sanda na ce ni ne, sai ta shafa kaina ta ce Allah ya yi mini albarka da nake rufa wa ubana asiri. A daminar shekarar ta rasu.

Ban bar sana'ar ba, ban iya wata ba. Amma tun daga nan ko tafiyar mutum zan ɗauka sai na je na tambaye shi, matattu kuwa na bar musu kayansu. Duk shekara nakan je Zugu in zauna a rumfar goro, duk saurayin da ya tsaya in gaya masa wane ne Malam Salifu. Suna saurare don ladabi. Wasu sukan ce in yi musu muryar.

Ina yaro na ɗauka Kaka rowa take yi mana da ƙarshen labari. Yanzu ina ganin ta kai mu ne daidai inda ya ƙare. Ko Tanko ya sha ko bai sha ba, matar ta riga ta ji kiran, ta riga ta fito. Inna ta tafi da mijinta a matsayin macucin da ta yi wa afuwa, ni kuma yaron kirki. Ba na iya gyara wannan daga nan. Bayan kowace salla nakan roƙi Allah ya haɗa su, shi ya yi mata bayani da bakinsa, kuma ya sa ta yarda da shi.