Telan da Ke Gudun Tsatsa a Jini

Mai ɗibar jini ba ta san shi ba, amma tun daga ƙofa ta gane tela ne: ga guntun zare maƙale a gwiwar wandonsa, ga allura soke a gefen hula. Dattijo ne siriri, rigarsa a goge tas. Tafiyarsa ce kawai ke tona shi, don a hankali yake ajiye ƙafar dama, kamar aro ya yi.

Yana zama ya miƙo hannun hagu. "Wannan za ki soka, 'yata. Na dama na almakashi ne."

Tana ɗaure masa damtse, yana bin allurarta da kallo. "Likita ya ce ciwon suga na sa jini tsatsa, ta ci jijiyoyi har ƙafa ta daina ji. Ki duba min da kyau. Keken ɗinkina ya girme ki, amma ko ɗigon tsatsa babu a jikinsa."

Tana dariya, idonta na kan ƙafar. Da ita yake taka keken ɗinki. Ƙafar nan ce ke ciyar da gida, wataƙila har da jikoki.

Kafin ya tashi sai ya cire takalmin ƙafar dama, ya zura hannu ciki yana lalube. Ya zaro karyayyar allura, ya nuna mata, ko a jikinsa.

"Kin gani? Ƙafa ta yi shiru, amma hannu yana nan."