Birkin da Ya Daina Kuka

Ko zan manta da komai a duniya, ba na jin zan manta da safiyar da na matse birki a gangaren babban kanal na ban-ruwa, kekena ya yi kamar ba da shi nake ba. Shekaru sun ja, amma har yau kamar jiya abin ya faru.

Keken irin na hawa tsauni ne, na saye shi gwanjo a Kano. Tayoyinsa masu kauri ne, da shokazoba a gaba, giya kuwa har ba ka san wadda za ka sa ba. Firam ɗinsa na alminiyam ne, da hannu ɗaya nake ɗaga shi. Birkinsa ba irin wanda muka saba ba ne mai roba da ke kama gefen wili. Wani faifan ƙarfe ne a tsakiyar taya, shi takalman birkin suke damƙa. Tsakanin Kura da Bunkure babu tsauni, amma duk wanda ya bi hanyoyin gonakinmu lokacin noman rani ya san ramukansu sun ishi mutum. Kuma gaskiya ina ji da keken nan, ko ƙuda ban yarda ya sauka a kansa ba.

Aibinsa ɗaya ne: in na kama birki sai ya tsala wata ƙara, ƙiii, har kajin gida su watse. Wannan ƙara ita ta hana Baffana sakat. Yayan mahaifina ne, gida ɗaya muke, kuma tun kafin a haife ni yake hawan baƙin kekensa. Yana da wani gwangwani na baƙin mai da yake tatsowa daga injin ban-ruwa, da gashin kaza a ciki. Ƙyauren ɗaki, amalanke, keken ɗinkin matan gida, babu wanda bai ɗanɗana ba. Kullum maganarsa ita ce, "Ƙarfe in ya yi kuka, mai yake roƙo." Mu kuwa sai mu yi dariya.

Ran nan na fito da hantsi zan je Kadawa duba tumatirina. Na ga keken yana ta ƙyalli, na ce a raina yau wani ya yi mini kirki ya goge. Hanyar miƙaƙƙiya ce, ban taɓa birki ba sai da na hau kan gaɓar kanal, inda hanya take gangarowa ta karya kwana zuwa wata 'yar siririyar gada. An sako ruwa a makon, kanal ya cika fal yana gudu. A kan gadar kuma ga mata sun jeru da kwandunan tumatir a ka, ɗaya da goyo.

Na matse birkin baya. Shiru. Na haɗa da na gaba, na matse har yatsuna suka yi ƙara. Babu ƙiii, babu komai, keke sai ƙara wuta yake. Na buɗe baki in ce su kauce, salati ne ya fito. Mai goyon ta waiwayo, muka haɗa ido, ta daskare a wurin. Ban san lokacin da na karya kan keken ba. Na ji ya daki simintin bakin kanal, sai ga ni a sama, sai ruwa.

Ban iya iyo ba, abin kunya ga wanda aka haifa a bakin kanal. Na nutse na taso, na sha ruwa har na gode Allah. Can na ji wata murya tana tsawa: "Kama, ɗan nan! Kama tiyo, don ubanka!" Maƙwabciyarmu ce a gona, wata dattijuwar Bamagujiya da ta fi maza da yawa riƙon fartanya. Ta fizge tiyon injinta ta wurgo mini. Na rungume shi, ita da matan gadar suka jawo ni waje. Ina kwance ina aman ruwa tana dukan bayana tana faɗa: "Saurin me kake? Tumatirin guduwa zai yi?"

Da aka tsamo keken, firam ya tsage daga wuya. Na shafa faifan birki, yatsana ya fito baƙi ƙirin, da santsi. Ina kallon yatsan nan na gane baƙin man Baffa ne.

Ƙashin kafaɗata ya goce, aka kai ni wurin mai ɗori. Ina dawowa gida na tarar da Baffa a zaure, labari ya riga ni. Mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka binne mahaifina, ya kama hannuna yana hawaye.

"Ɗana, ni ne. Kuka na ji yana yi, na ce bari in huce maka takaici. Har faifan na shafe, gaba da baya."

Na zo da faɗa cike da bakina, amma da na ga fuskarsa sai ya narke. Na ce, "Baffa, Allah ya tsare, ya wuce." Ya girgiza kai ya ce, "Garin neman gira na kusa rasa ido."

Firam bai gyaru ba, mai walda ya ce wutarsa ba ta kama alminiyam. Da na warke na koma Kano neman wani, Baffa ya ce ƙafarsa ƙafata. Shi ya riƙa ƙwanƙwasa kowane firam yana duba wuyansa ko akwai tsaga, ni kuma ina gwada tsayi. Muka ɗauki wanda ya fi kauri, aka mayar masa da giya da tayoyina, aka sa sabon faifai da sababbin takalman birki. Mai haɗawar ya ce sarƙa kaɗai ke shan mai, faifai ko maiƙon hannu ba ya so. Baffa ya sa shi ya maimaita.

Abin da na koya shi ne, kyakkyawar niyya ba ta tsayar da keke a gangare, kuma ba kowane kuka ne yake neman a rarrashe shi ba. Kafin ka gyara wa mutum abinsa, tambaye shi. Sabon birkin ma yana da tasa ƙarar. Har Baffa ya bar duniya, in na dawo daga gona yana zaune a ƙofar gida, sai ya kasa kunne. In ya ji ƙiii, sai ya ce, "Alhamdu lillahi, yana kuka."