Manomi a Rumfar Mai Igiya

A kasuwar Minna wani dattijo yana tsugune a rumfar mai igiya. Tafin hannunsa duk kantar fartanya ce, amma anka yake nema, ƙarfen da zai tsayar masa da kwalekwale. Yana ɗaga wannan, yana ajiye wancan, yana jujjuya igiyar roba da ta rama, ya rasa ta zaɓa.

"Baba, zurfin ruwan gaba nawa ne?" in ji mai rumfa.

"Oho. Akwai dai tsamiya a gonata, yanzu ko ganyenta ba a gani."

Ina jin madatsar ruwa ce ta haɗiye gonar. Mai rumfa ya ɗaga kai kamar mai auna itace, ya ci gaba da warware igiya.