Sau Uku Na Ɗauraye

A duk shekarun da na yi ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a can Gubi, akwai abu guda da ba zai taɓa fita daga raina ba.

Ni firamare kawai na yi, aikina wanke kwalabe da goge tebura. Akwai wata ɗaliba mai neman digiri na biyu, tana cuɗa garin gawayi mai laushi da roba domin robar ta riƙa ɗaukar wutar lantarki. Kafin a cuɗa, sai an jiƙa garin a wani sinadari don ya kama jikin robar, a ɗauraye sau ɗaya, a busar. Damuwarta ita ce, da robar ta sha rana sai allurar mitar da ke auna wutar ta kama rawa. Ta daɗe tana fama, ga miƙa aiki saura sati biyu.

Wata rana ta bar mini ɗaurayar ta tafi ganin malaminta. Ni kuwa mutum ne mai waswasi, ko alwala sai na maimaita. Na ɗauraye, na tsaya ina kallon ruwan, zuciyata ta ce sinadarin bai fita ba. Na ƙara. Na sake ƙarawa. Ban faɗa mata ba.

Bayan kwana uku ta ɗauko robar daga rana, ta jona wayoyi. Allura ta tsaya cak. Ta gwada wata, haka.

"Baba, zo ka gani. Ban canza komai ba, amma ta daina rawa."

Tana murna, ni kuwa na tuna ɗaurayata uku. A littafinta sau ɗaya aka rubuta. In malamai suka bi rubutun ba su samu haka ba, za su ce ƙarya ta yi. In kuma na faɗa, wataƙila a sallame ni. A keke har gida Ƙofar Wambai ina ta saƙawa ina kwancewa, ko tuwo ban iya ci ba.

Washegari na tare ta tun a bakin ƙofa. "Malama, ki yafe mini. Garin nan sau uku na ɗauraye shi."

Ta kalle ni, sannan ta fashe da dariya. "Wato alwala ka yi masa, Baba?"

Ta ce ashe ragowar sinadarin ce take shiga tsakanin ƙwayoyin garin, da zafi ya zo sai wutar ta rasa hanya. A gabana ta soke ɗaya ta rubuta uku. Ta sake gwajin da hannunta, ta kuma gama karatunta lafiya.

Har yau ina waswasi, ban warke ba. Amma na koyi cewa abin da hannuna ya yi a aikin wani, a ranar nake faɗa masa, ba sai na rasa tuwona ba.