Maganin Nana na Tsakar Rana

Ranar da Madam Direktiris, shugabar makarantarmu, ta kira ni biro, wato ofishinta, ta ce in turo ƙofa, ban taɓa mantawa da ita ba. Na rubuta wannan ne don ku 'yan'uwa mata da ke shirin kama aikin lakwal, wato makaranta, a ƙasar nan. Karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da rubutun.

A 1986 ne, bayan hutun Nowel, wato Kirsimeti. Ina aiki a kantin ɗin wata lakwal ta gwamnati a Bron, kusa da Lyon, wato wurin da yara ke cin abincin rana. Meri, wato ofishin magajin gari, ita ke ɗaukar ma'aikatan kantin, ni kuma riƙon ƙwarya nake yi wa wata da ta tafi haihuwa. Mai riƙon ƙwarya ba a doguwar shari'a da ita. In Direktiris ta rubuta wa meri cewa ba ta yarda da ke ba, shi ke nan, sai ki ajiye rigar aiki. Mijina Malam Issufu yana Paris yana dakon kaya a kasuwar Rungis, sai ƙarshen wata yake zuwa. Ni da ɗana Habu ne a gida. Habu, wanda shi ma a lakwal ɗin yake karatu, ba ya ji sosai da kunnen hagu, kuma ban faɗa wa kowa ba. Tsoro nake ji a rubuta a dosiyensa, wato takardunsa na lakwal, abin ya bi shi, a ware shi daga sauran yara. Ban yarda da takardun Nasara ba ko kaɗan.

A lakwal ɗin akwai wata yarinya, Nana, 'yar Alhaji Mamman, mutumin Damagaram mai shagon atamfa a unguwar La Guillotière. Nana tana da farfaɗiya. Ba ta taɓa faɗuwa a lakwal ba, don tana shan magani, amma ƙwaya ɗaya tilas sai da tsakar rana. Ga yadda tsarin yake: bayanin lafiyar yaro yana kulle a wurin likitan lakwal. Sai da izinin iyaye ake gaya wa ma'aikaci, shi ma iyakar abin da aikinsa ke bukata. Ni aka ba aikin in ja Nana ɗakin wanke-wanke kafin a zauna cin abinci, in ba ta ƙwayar da ruwa. An koya mini in ta faɗi in kwantar da ita ta gefe, in janye kujeru, kada in sa mata komai a baki. An kuma ce maganar ba ta fita daga bakina, ko ga mijina. Ban fitar ba. Yaran ma cewa suke Nana tana taya ni ɗauko burodi.

Abin da na fara lura da shi kofuna ne. Yaran mutanenmu 'yan Nijar da ke zama tebur ɗaya da ita suka fara janye kofunansu. Wani ya rufe nasa da tafin hannu da ta miƙa hannu ɗaukar ruwa. Na ce masa, "Kai, me ke nan?" Ya ce, "Inna ta ce kada miyanta ya taɓa mini abinci." Kun san a gida ana cewa ciwon nan ana ɗaukarsa ta miyau.

Washegari aka kira ni biro. Na tarar da mahaifiyar Nana, Hajiya Mariyama, zaune da jaka a cinya. Na durƙusa na gaishe ta, ba ta amsa ba.

"Rabi," ta ce da Hausa, "ranar Lahadi mata suka cika mini falo. Wannan da lemo, waccan da kwanon fura. Ya mai jiki, Hajiya? Allah ya ba ta lafiya, Hajiya. Wace mai jiki? Wa ya ce musu ina da marar lafiya a gida?"

"Wallahi Hajiya, ba ni ba ce."

"To wa? Likita na jin Hausa? Metires na zuwa bikinmu?"

Direktiris ba ta ji abin da muke faɗa ba, amma ta gane. Ta ce da Faransanci ba ta ce ni ce ba, sai dai asirin yarinya ya fita, kuma dole ranar Litinin ta rubuta wa meri abin da ta gano. Waɗanda suka sani su ne likita, da metires ɗin Nana, wato malamar ajinsu, da Madam Odet shugabar kantin, da ni. Ba ta ƙara komai ba. Ba sai ta ƙara ba.

Sauran kwanakin makon na yi su ina kallon kowa da gefen ido. Madam Odet ta tsaya hira da mai kawo burodi, na ce a raina ita ce. Na ga metires a tashar bas tana dariya da wani ɗalibin jami'a baƙar fata, na ce ita ce, watakila ɗan Nijar ne. Na tuna Hajiya na sayen maganin a La Guillotière, inda ko'ina ka juya akwai idon sani. Har kaina na zarga. Na ce ko na yi magana cikin barci Habu ya ji? Na tambaye shi, yaron ya juyo mini kunnen dama yana kallona, bai ma gane me nake nufi ba.

Ranar Juma'a wani daga cikin mutanenmu ya zo lakwal, uban yaron da ya rufe kofi. Ina goge gilashin kusa da biro, ƙofar a buɗe. Ya ce a ware wa yarinyar tebur da kofinta daban. Direktiris ta ce, "Wace yarinya?" Ya faɗi sunan. Ta ce, "Ni da kai maganar ɗanka kaɗai za mu yi. Ɗan wani, ko e ko a'a ba za ka ji daga bakina ba. Duk yaron da aka rubuta a lakwal ɗin nan kuma yana da kujerarsa a kantin, tare da kowa. In kana so ka cire naka, wannan ikonka ne." Ya fito yana tsaki. Na yi mamaki, amma ban saki jiki ba. Na ce matar da za ta kore ni ce ranar Litinin.

Asabar Malam ya iso daga Paris. Ina zuba masa tuwo ya ce, "Af, ya jikin 'yar Alhaji Mamman?"

Ludayin ya suɓuce mini cikin miya. Na ce, "Malam, kai ma? A ina ka ji?"

"A masallacinmu na Paris mana. Juma'ar da ta wuce waccan, liman ya ce a yi wa Nana 'yar Alhaji Mamman na Lyon Fatiha, Allah ya raba ta da farfaɗiya. Alhajin yana sahun gaba, ya zo sarin kaya. Shi ya raba dabino ma."

"Akwai mutanen Lyon a wurin?"

"Sosai. Duk masu zuwa sari nan suke salla. Ke lafiya? Miyar na fallatsar miki a zane."

Da farko na ce Litinin da safe zan je in zazzage wa Direktiris komai. Sai na tsaya. In na yi haka, na ɗauki maganar gidan mutane na kai wani wuri, abin da ake zargina da shi ke nan. Kuma Hajiya za ta ji laifin mijinta daga bakin mai wankin kwanoni, a gaban Banasariya. Na bar wa Malam Habu, na hau bas da metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa La Guillotière.

Na sami Alhaji yana auna wa wata mata yadi. Na jira ta fita, muka gaisa, gida, yara, sanyi, kasuwa. Sannan na gaya masa abin da Malam ya ce.

"To laifi ne?" ya ce. "Addu'a na nema wa 'yata. Don kada a ji a nan na kai ta can. Ina Paris, ina Lyon?"

"Baba Alhaji, da jirgin ƙasan nan mai gudu, wanda ya yi Juma'a a Paris a Lyon yake cin tuwon dare."

Ya ci gaba da naɗe yadin da ya riga ya naɗu.

Na ce, "Hajiya ta sani?"

"Ita cewa take likita ya isa. Ban gaya mata ba."

"Baba, Litinin za a rubuta wa meri, aikina zai tafi. Amma ba zan faɗa ba. Ban faɗi na 'yarka ba, ba zan faɗi naka ba. Na dai zo ne ka sani."

Ya ce, "Allah ya kai mu." Da wannan na fito, kuma ban yarda zai zo ba. Babban mutum, ya zo ya tona kansa a gaban matarsa saboda ni?

Litinin na shirya tebura idona na kan ƙofar lakwal ta taga. Safiya ta wuce, babu kowa. Na riga na fara tunanin gidan da zan je neman aikin guga. Ana dab da kaɗa ƙararrawar abinci na hango babbar riga, Hajiya na biye. Suka shiga biro aka turo ƙofa. Da suka fito, Hajiya ta ratso ta bakin kantin, idonta ja. Ta ce, "Sannu da aiki, ƙanwata." Na ce, "Yauwa Hajiya." Ta wuce.

Na ɗauka Direktiris za ta kira ni ta ba ni labarin abin da aka tattauna. Ko kalma ɗaya. Ta leƙo kantin, ta dubi agogo, ta ce a hankali, "Madam Rabi, tsakar rana ta yi. Akwai mai jiran ta taya ki ɗauko burodi."

Maganar kofuna ta ɗauki lokaci. Daga baya, da yardar iyayen, likita ya zauna da mutanenmu ya bayyana musu cewa ba a ɗaukar ciwon. Wasu sun yarda, wasu ba su yarda ba. Nana dai ba ta tashi daga teburinta ba.

Abin da na koya shi ne, mu a gida in an ji ciwonka a zo a duba ka, shi ne ƙauna. A aikin nan kuwa ƙaunar ita ce ki sani, ki yi abin da aka sa ki, ki rufe baki, ko da rufewar za ta ci ki. Har yau ban daina kallon mutane da gefen ido ba, halina ne. Amma matar da ta ƙi gaya mini abin da ya wanke ni, na ga za ta iya riƙe nawa asirin. A wancan makon na kama hannun Habu na ƙwanƙwasa biro, don maganar kunnensa. Ta ce in shigo. Ni na turo ƙofar da kaina.